Sorin da na tura wa Yaya Bashir

"Ai na ce masa sori, Hajiya."

Amsar da na ba mahaifiyarmu ke nan jiya a tsakar gidanmu na Mandawari, da ta tambaye ni me ya sa Yaya Bashir ya yi sati uku ba ya ɗaga wayata.

Laifina ne. Ranar sunan 'yarsa ta fari aiki ya riƙe ni ban je ba, sai na tura masa kalmar nan ta Turanci ta waya, na ɗauka magana ta wuce.

Hajiya ta ajiye farantin shinkafar da take tsincewa.

"Wane sorin, Nura? Ɗazu ka taka min ƙafa, ka ce sori. Na yi tari, ka ce sori. Da maƙwabcinmu ya rasu, sori ka ce wa iyalinsa, don ko ta'aziyya ba ka iya ba. Kalmar da kake yi wa tari ita za ka aika wa yayanka? A garin nan da ƙafa ake ba da haƙuri."

Bayan la'asar na tafi gidansa a Ƙofar Ruwa. Na same shi a zaure, na cire takalmi a bakin ƙofa, na durƙusa a gabansa. Ko baki ban buɗe ba ya shige ciki.

Sai ga shi da jaririyar, ya ɗora min ita a hannu.

"Ungo 'yarka. Kai kaɗai ne ba ka tofa mata addu'a ba."

Wallahi ƙwalla ce ta hana ni ganin fuskarta.

Ku fa, wa kuka tura wa sori alhali ƙafarku yake jira?