Ramukan da Na Rufe Babu Iri

Ranar Laraba ce, washegarin ruwan shuka, ina aji huɗu a firamare, Baba ya tafi da ni gonarmu ta bayan Kangire. Yana gaba yana sara da sungumi, ina biye da ƙwarya, ina jefa gero a rami ina rufewa da diddige. Irin ba namu ba ne. Namu yunwar bara ta sa mun cinye, sai Kawu Sale, yayan Innata, ya ɗauro mana ɗan abin da ya rage masa a bayan keke tun daga Basirka.

Mun kai tsakiyar gona na yi tuntuɓe da kututture, ƙwaryar ta kife cikin taɓo. Na durƙusa ina tsinta, abin da na samu bai cika tafi ba. Baba bai waiwayo ba. Da na kira shi a lokacin, iyakarta ya yi faɗa, mu kwashe taɓon mu tace. Amma tsoro ya ɗaure mini baki. Na miƙe na ci gaba da bin sa, ina sa hannu a ƙwarya kamar mai ɗiba, ina take ramuka babu komai a ciki, har la'asar.

Kwana bakwai ina roƙon Allah ya tsirar da abin da ban shuka ba. Rabin gona ya fito kore shar, rabi ya zauna fili. Baba ya dubi filin ya ce, "Sale ya cuce ni. Na sama mai kyau, na ƙasa ruɓaɓɓe." Maganar ta kai Basirka, Kawu ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Daminar nan tafasa da rama muka yi ta ci, Inna kuwa in tana daka sai ta juya mana baya ta goge ido da gefen zane. Kullum nakan ce gobe zan faɗa. Ina cikin goben nan, bayan shekara biyu, aka aiko Kawu ya rasu.

Ranar sadakar uku, da muka dawo gida, na faɗa wa Baba ina kuka. Bai dake ni ba. Ya ce, "Ke iri kika ɓarar, 'yar nan. Ni mutum na ɓarar." Washegari ya koma Basirka a ƙafa neman gafarar iyalan Kawu.

Yau ina da 'ya'ya biyar a Birnin Kudu. Ko gishiri ya zarce mini a miya sai na faɗa kafin a ɗanɗana, yara suna dariya, wai Umma ta cika tsoro. Wanda ya fasa kofi a cikinsu ya zo ya faɗa, ba na ɗaga masa murya, don na san inda shiru yake kai mutum. Yanzu kowa ma zan iya faɗa masa laifina. Kawu kaɗai nake so ya ji, shi kuwa babu hanya.