Hannun da Yaya Ta Ɗaure

Ina da shekara hamsin da uku na shiga ajin koyon zane. Lokacin na ajiye aikin biro ke nan, wato ofis, bayan na gaji da buga wa manya takardu a wata ma'aikata a nan Yamai, sai na iske yini ya yi mini tsawo. Kusa da unguwarmu akwai wata cibiyar koyon sana'a, ana koyar da ɗinki da gyaran firji, a ɗakin ƙarshe kuma ana koyar da zane, Laraba bayan la'asar da Asabar da hantsi. Na je na ba da sunana. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai tsofai-tsofai da ni zan koma lakwal, makarantar boko, in zana albasa. Na ce musu gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ko gemun ba ni da shi.

Albasar kuwa da ita muka fara. Malaminmu, Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci, Bazabarme ne ɗan unguwar Gamkale, a haife na haife shi. Daga garkar babansa yake ɗebo mana albasa da tattasai da kabeji, ya jera a tebur kusa da taga, ya ce mu duba inda haske ya faɗi da inda inuwa ta kwanta. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Kullum maganarsa guda: "Tanti, ka zana abin da ka gani, ba abin da ka sani ba."

Sati uku ina gani, hannuna yana ƙi. 'Yan matan da ke gefena, sa'annin 'ya'yana, har sun fara sa inuwa, ni kuwa albasata kamar dutsen guga. Nakan danna kireyon, wato fensir, har takarda ta huje. Ga shi an faɗa mana tun farko, wanda bai iya aikin ƙarshen wata ba, ba zai wuce ajin fenti ba, sai ya sake daga albasa. Ni kuwa na rantse maƙwabtan nan ba za su ga bayana ba.

Wata Asabar Mushe ya tsaya a bayana yana kallo. Ashe ba zanen yake kallo ba. Ya ga da hagu nake feƙe kireyon, da hagu nake goge kuskure, sai in na zo zane in miƙa wa dama. Ya zare kireyon ɗin daga hannuna na dama, ya saka mini a hagu. Na sake shi ya faɗi ƙasa kamar an ba ni garwashi.

Bahaguwa aka haife ni, a Maradi. Ina ƙarama mahaifiyarmu ta rasu, Yaya ce ta raine ni, ta girme ni da shekara tara. In za a ci tuwo sai ta kama hannuna na hagu ta ɗaure mini shi a baya da tsumma. In zan yi rubutu a allo, haka. Tana ɗaurewa tana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hagu hannun tsarki ne, ba a ci da shi, ba a miƙa wa mutum abu da shi, ba a rubutu da shi. Inda Yaya ta tsaya, malamin lakwal ya ɗora da bulala. Na tanƙwaru kuwa. Har yau da dama nake ci, da dama nake gaisawa, kuma ba ni da faɗa da wannan. Amma ban taɓa yafe tsumman nan ba.

Mushe ya ɗauko kireyon ya sake miƙo mini. "Nan ba wanda zai buge ka," in ji shi. Na duba ƙofa, wallahi sai da na duba ƙofa, mace mai jikoki. Sannan na ja layi. Layin ya tafi da kansa, ya zagayo, ya rufe. Kafin a tashi albasa ta fito har da ɓawonta mai ɗagowa. Ban yi murna ba a ranar, haushi ne ya cika ni. Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da hannun nan kamar baƙo a jikina.

Aikin ƙarshen watan shi ne kowa ya zano hannun wani na gida yana cikin aiki. A lokacin Yaya tana wurina, ta zo daga Maradi ganin likita saboda ciwon gwiwa. Da hantsin Alhamis na sayo zogale a kasuwar Piti Marshe za mu yi dambu, ta zauna a tabarma a tsakar gida ta jawo faranti tana tsigewa. Na ɗauko katako da takarda na zauna gabanta.

Ta ɗago ta ga inda kireyon yake. Fuskarta ta canja.

"Mene ne wannan?"

"Zane ne, Yaya. Hannunki zan zana."

"Da wannan hannun? Ba za ki zana ni da hannun tsarki ba. Duk wahalar da na sha a kanki, sai da furfura za ki koma gidan jiya?"

Na ce, "Yaya, na ci da dama don ke, na yi rubutu da dama don ke, na buga takardun gwamnati har na tsufa. Wannan guda ɗaya nawa ne. Wanda ya yi dama shi ya yi hagu. In kin ga dama ki tashi, in zana farantin."

Ba ta iya tashi ba tare da an kama ta ba, mu duka mun sani. Ban ji kunyar cin wannan ribar ba, ni ma ai ban iya kwance kaina ba a wancan lokacin. Ta ja tsaki, ta kau da kai, ta ci gaba da tsigar zogalenta da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi.

Na fara da abin da na sani: dama tana tsiga, hagu tana riƙe da reshe, yadda kowace mace take yi. Na ja layuka, na ɗago in gwada, sai na ga ba su dace ba. Na goge. Na tuna maganar Mushe, na ajiye kireyon na zuba ido kawai. Reshen a damarta yake. Hagu ce ke tsiga, da sauri, yatsu uku suna bin reshe suna zubo ganye, ba ta ko duba. Da ta ga tsakuwa a faranti, da hagu ta tsince ta. A wuyan hannun kuma, ƙarƙashin awarwaro, akwai wani tsohon tabo siriri da ya zagaye shi. Na san tabon tun ina yarinya, ban taɓa tambayar kaina daga ina ya zo ba.

Na zana shi yadda yake. Na sa masa inuwa kamar yadda aka koya mana.

Da na gama na juya mata takardar. Ta goge hannu a zanen jikinta ta karɓa, da dama. Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa kan tabon da ke takarda, sannan ta ja awarwaronta ta rufe na jikinta.

"Kaka ce ta ɗaure ni," in ji ta. "Da igiyar guga, har fata ta tashi. Ke da tsumma na ɗaure ki. Kuma ina sassauta miki, ke dai ba ki sani ba. Gudu nake kar a miƙa ki hannun Kaka."

Tausayinta ya kama ni, haushin kuma bai tafi ba, suka zauna mini a ƙirji tare. Na ce, "Na ji, Yaya. Amma ba zan mayar da shi baya ba."

Ba ta ce in mayar ba. Ta sake duba takardar, ta taɓe baki irin na yayye, ta miƙo mini.

"Babban yatsan ya yi tsawo. Nawa bai kai haka ba. Gyara."

Ta ɗora hannun a gwiwarta, ta buɗe shi inda haske yake, ta tsayar da shi. Na gyara, da hagu, tana kallo.