Yaron da Inna Ta Hana Ni Ɗaukowa daga Gona

Ban taɓa riƙe sandar besbol ba, wasan nan na Amurkawa da wani ke jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda, kuma ina jin duk faɗin Gombe babu wanda ya taɓa. Amma a cikin wayata ni babban mai ƙungiya ne. Abokina Babarbare, mai gyaran babur a Bolari, shi ya saka min wasan, don kawai ya samu Bafulatanin da zai riƙa lallasawa. Ba kai ne kake buga ƙwallon ba. Yara ɗanyu kake ɗauka, ka tura su ƙaramar ƙungiya su yi ta atisaye har su nuna, sannan ka ɗauko su zuwa babbar. Wannan ƙaramar ƙungiya, masu wasan gona suke ce mata da yarensu, mu ma muka bi sahu.

A gonata akwai wani yaro mai jifa, bahago. Tun yana jifa kamar mai korar kaji nake rainonsa, har ya kai in ya saki ƙwallo daga ƙofar gidanmu a Pantami sai dai a je Kagarawal a tsinto ta, da sauran zafinta. Ana gab da wasan ƙarshe tsakanina da mutumin nawa sai ya ji ciwo a kafaɗa. Wasan ya gargaɗe ni: in na sa shi, zai iya ciyo min kofi, amma hannun na iya lalacewa har abada.

Bayan la'asar ina tsakar gida muna waya da Babarbaren. Inna, mahaifiyata, tana gefe tana gyaran zogale.

"Fito da shi mana, ɗan Fulani, ko cikinka ya ɗuri ruwa?" in ji shi.

Na ce, "Yaron yana gona, kafaɗarsa ba lafiya. Amma gobe sai ya yi min aiki, ai don haka nake ciyar da shi."

Ina kashe wayar na ga Inna ta ture faifai gefe. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunana ba.

"Kai wannan. Ɗan waye ka kai gona?"

"Inna, ai ba irin wannan..."

"Ɗan mutane, da ciwo a kafaɗa, ka ce gobe sai ya kama fartanya?"

Kafin in haɗa bayani ta shiga ɗaki ta fito da man zafi, ta ce in tashi in tare mana keke mu je ta gan shi. Na miƙa mata wayar. Ta nisanta ta da fuskarta, ta daɗe tana duban ɗan hoton da hularsa mai baki.

"Wannan ne? Dubi yadda ya rame."

"Inna, zane ne, ba mutum ba ne."

"Yana girma?"

"Yana girma."

"A hannunka?"

"A hannuna."

"To, ka bar shi ya warke. Na gama magana." Ta jawo faifanta.

Na bar shi a gona. Washegari Babarbaren nan ya yi min dukan da har yau in hadari ya taso nake jin tsaminsa a jikina. Duk ɗan acaɓan da ya kai gyara wurinsa sai an ba shi labarin kafin a taɓa masa babur.

Da sabuwar kaka ta kama, yaro ya fito da kafaɗa garau. Manyan 'yan wasan mutumin nawa suka yi ta kaɗa sanda suna dukan iska, kamar masu korar sauro. Man zafin kuwa a ƙuguna ya ƙare.

Kwanan baya Babarbaren ya zo har gida yana lallashina in ba shi yaron, shi kuma ya bar min manyansa. Na ce ba ni da iko, ga mai shi can tana alwala, ya shiga ya tambaye ta. Ya shiga, ya durƙusa ya gaishe ta da kyau, ya fito ya kama hanyar Bolari, yaro kuwa har yau yana hannuna.