Ranar da Hannun Gelindo Ya Yi Nauyi

Ƙanena Gelindo bai taɓa cin tseren keke ba, ko na yaran unguwa. Ƙafafunsa gajeru ne, numfashinsa ya fi su gajarta. Abin da Allah ya hana shi a ƙafa sai ya zuba masa a hannu. Tun yana ɗan mitsitsi ya kwance keken babanmu ɗaiɗai a tsakar gida, ya sha duka, ya mayar da shi yadda yake, ya sake shan wani dukan don ya goga giris a jikin mayafin tebur. Da babanmu ya ga duka ba magani ba ne, sai ya kai shi shagon wani mai gyaran keke a Treviso, ya ce a rage masa ciyarwa.

Can ya girma. Ya dawo garinmu Camporovo ya auri Amabile, mace mai haƙuri har ya yi mata yawa. Bai daɗe ba wani mai ƙera murhun girki ya kafa ƙungiyar 'yan tsere don a riƙa yawo da sunan murhunsa a ƙirjin mutane, aka ɗauki Gelindo bakanike.

Daga nan mun daina ganinsa da bazara. Idan babban tseren zagayen ƙasa ya tashi, sai a shafe makonni yau wannan gari gobe wancan. Mahaya su iso da yamma, a yi musu wanka, a matsa musu cinyoyi, a cika musu ciki da taliya kamar 'ya'yan sarauta. A lokacin aikin Gelindo yake farawa. Ya jera kekuna a bayan masauki, ya wanke su da kananzir da sabulu, ya bi sarƙa ƙulli-ƙulli, ya duba birki, ya liƙa sabuwar taya da gam, ya danna ta da babban yatsa har yatsan ya koma kamar cokali. Da rana kuma yana kujerar bayan motar ƙungiya, ƙafafun keke a kan cinyarsa, sifana a aljihu. Mahayi na ɗaga hannu alamar faci, shi ya dira tun mota ba ta gama tsayawa ba. Ya cire, ya saka, ya ɗaure, ya tura mutum da gudu. 'Yan tsere sukan ce kafin ka gama zagin hanyar da ta fasa maka taya, Gelindo ya riga ya mayar da kai kanta. Da wannan aka san shi. Ba a san shi da magana ba, ba a san shi da kyau ba.

Ɗa ɗaya suka samu, Nevio. Shi ya zo da ƙafafun da uban ya rasa. Ƙungiyar uban ta ɗauke shi, amma a matsayin bara, ba madugu ba. Shi ne mai komawa baya ya ɗebo gorunan ruwa ya cusa a riga, shi ne mai tare wa madugu iska, in tayar madugu ta fashe ya ciro tasa ya ba shi, ya tsaya a bakin hanya yana jiran ubansa. Shekaru suka ja a haka, bai taɓa shiga gari a gaban kowa ba. Tarcisio, maigidan ƙungiyar, wani mai ƙaton ciki da taba a baki, ya fara kallon sababbin yara, ya kuma bar Nevio ya gane cewa in bana ta wuce shiru, baɗi sai ya nemi wata sana'a.

A wannan shekarar ne zagayen ya biyo ta garinmu.

Kowa ya san al'adar. In hanya ta ratsa garin mahayi, sai ya je wurin dattawan ayarin mahaya ya nemi izinin gaida gida. Su sake shi ya yi gaba shi kaɗai, babu mai bin sa. Ya rungumi uwarsa, ya kurɓi abin da aka miƙa masa, ya tsaya har ayari ya iso, ya koma cikinsu. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, an ce mini, kuma da an rubuta ma ni ban iya karantawa ba. Amana ce kawai tsakanin mutanen da suke gangara dutse kafaɗa da kafaɗa.

Tun safe gari ya cika. Fadan coci ya sa an buga ƙararrawa kamar ranar idi. Amabile ta saka baƙar rigarta ta zuwa coci, ta tsaya a ƙofar gida da kwalbar ruwan inabi da ƙoƙo. Motar ƙungiya ce ta fara isowa, don Gelindo ya roƙi Tarcisio su wuce gaba shi ma ya ga matarsa. Ya fito yana miƙe baya.

Na ce, "Kai, dubi hannu kamar gindin tukunya. Kada ka taɓa mata riga."

Ya ce, "Yaya, ke dai ba a gaishe ki a tsira."

"Ka gaishe ni ne? Ba ka ga ka rame ba? Murhun nan da kuke talla ba a girki a kansa?"

Tarcisio ya leƙo ta taga yana dariya. "Gwaggo, ci yake kamar jaki, ban san inda yake kai shi ba."

"Cikinka yake komawa, ga shi nan muna gani."

Ana cikin haka sai ihu ya tashi daga bakin gari. Ga Nevio tafe shi kaɗai, fuska duk ƙura da gishirin gumi. Ya ja birki a gaban uwarsa, ya sumbace ta, ta fashe da kuka kamar an ce mata ya dawo daga yaƙi. Ya kurɓi ruwan inabin. Ya ce, "Gwaggo, kina nan da bakinki?" Na ce ina nan, shi ya hana ni mutuwa.

Sai ya waiwaya. Hanya fayau, ba ko alamar ayari. Ya daɗe yana kallonta. Ya juyo ya kalli Tarcisio. Tarcisio bai ce uffan ba, ni shaida ce. Hannu kawai ya kai ya tayar da mota.

Nevio ya miƙa wa uwarsa ƙoƙon, ya taka feda, ya sunkuyar da kai, ya tafi. Ba tafiyar mai jira ba.

Yara da 'yan mata suka ɗauki shewa. Tsofaffin da ke zaune a ƙofar shagon kofi kuwa suka yi tsit. Gelindo ya yi taku biyu a tsakiyar hanya ya daka tsawa, "Nevio! Dawo nan!" Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba.

Tarcisio ya ce, "Shiga mota, malam. Ko ka zauna ka ci polenta, tuwon masararku, da 'yar'uwarka."

Ya shiga.

Can an jima ayari ya shigo gari a hankali, ana hira, wasu na cin burodi. Dattijonsu, wani Bortolo mai karyayyen hanci, shi ne ya ba da izinin. Ya rage gudu yana duba ƙofofi, ya gane ni don kamar da muke yi da Gelindo.

"Inna, ina yaron naku? A ce masa ya saki nonon haka nan, mu tafi."

Na nuna masa hanya da baki. Ya kalli hanyar, ya kalle ni, dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya tofar da yawu, ya yi fito. Sai ka ce an jefa dutse a gidan zuma. Kafin Amabile ta goge hawaye babu ko ɗaya a garin.

Abin da ya faru bayan nan ban gani da idona ba. Mutum uku ne a wurin, biyu sun ba ni labari, Tarcisio da Nevio, kowanne yana zagi, kuma zancensu ya zo ɗaya.

Nevio ya ba su rata mai yawa, don sun yi ta nawa suna jiransa. Ya yi gudun da bai taɓa yi wa kansa ba. Tarcisio na bayansa yana dukan ƙofar mota yana kiransa ɗana, ɗana. Gelindo na kujerar baya. Har an fara hango hasumiyar cocin garin da tseren ranar zai ƙare, sai suka zo kan layin dogo. Nevio ya tsallaka da ƙarfi, tayar baya ta fashe. Ya ɗaga hannu.

Gelindo ya jira mota ta tsaya cak. Ya buɗe ƙofa, ya sauko, ya rufe ta. Ya tako da ƙafar keken a hannu kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

"Baba, yi sauri!"

Ya durƙusa ya cire ta fasasshiyar. Ya jingine ta a hankali a jikin mota.

"Baba, don Allah! Suna tafe!"

"Ka gaida uwarka?"

"Na gaishe ta, a gabanka!"

"To saura jiran."

Ya saka sabuwar. Ya juya ta ya sa ido ko tana taɓa birki. Ya kwance, ya gyara, ya sake juyawa. Ya ciro tsumma ya goge sarƙa. Tarcisio ya fito yana tsalle da cikinsa, ya zagi Gelindo, ya zagi babanmu da ke kabari, ya yi barazanar kora. Nevio ya kai hannu zai fizge keken, uban ya riƙe sirdi. Wanda ya yi shekara da shekaru yana danna taya da yatsa, ba a fizge abu a hannunsa.

Sai da ƙurar ayari ta bayyana a kwana sannan ya ɗaure, ya ce, "Hau." Ya tura shi da gudu, turawa mai kyau, inji Tarcisio, irin wadda ya saba. Ayari ya haɗiye Nevio. Wani ya maka masa hula a ƙeya, wani ya watsa masa ruwa, wani ya faɗa masa abin da ba zan maimaita ba. Bortolo da ya zo wucewa ya dubi Gelindo a bakin hanya, ya taɓa hularsa da yatsa. Wani daban ne ya ci tseren ranar, na manta sunansa.

Tarcisio ya so korar Gelindo nan take, madugun ƙungiyar ya ce babu mai taɓa masa keke sai Gelindo. Sai aka raba: aka bar masa wanki da gyara, aka cire shi daga kujerar mota, aka mayar da shi cikin babbar motar kaya da ke wucewa gaba da jakunkuna. Haka ya ƙarasa shekarunsa na aiki, bai ƙara ganin tsere da idonsa ba sai kekuna masu datti da yamma. Bai yi ƙorafi ba. Dama ba ya yi.

Nevio kuwa ayari ya hora shi kwana kaɗan, ba mai ba shi hanya, ba mai miƙa masa ruwa, daga baya suka ƙyale shi. Tarcisio bai sabunta masa kwantiragi ba. Wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke shi ya ƙara ɗebo ruwa na ɗan lokaci, sannan ya dawo gida ya shiga masana'antar murhu yana ɗaura ƙofofi. Har yau in ya sha ya ce da ya ci ranar. Mai yiwuwa. Hasumiya dai an hango ta.

Gida ɗaya suka zauna shi da ubansa, tebur ɗaya, amma magana sai ta bakin Amabile. "Inna, ce masa rufin ɗaki na yoyo." "Amabile, ce masa na gani." Da Amabile ta rasu, aikin ya dawo kaina, ni da ba ni da haƙurinta. Nakan ƙara gishiri a saƙon kowanne, ko za su fusata su yi wa juna ihu kai tsaye. Ba su yi ba. Taurin kai a gidanmu gado ne, ba a raba shi sai kowa ya samu cikakke.

Sau ɗaya na tambayi Gelindo, bayan ya tsufa, muna ɓarar wake a ƙofar gida.

"Wai kai me ya hau kanka ranar nan?"

Ya ce, "Da ya ci, da ba za a ƙara sakin kowa ya gaida uwarsa ba."

"Uwar wa ta dame ka? Ɗanka fa?"

Ya daɗe yana juya ƙwayar wake. "Shi ma da ba su bar shi ba. Wata rana a gangara wani zai matse shi, ya faɗa rami."

Na ce, "To zaɓi ɗaya. Don al'ada ka yi, ko don shi?"

Ya ce waken bana ƙanana ne.

Da ya rasu, tsofaffin mahaya suka cika cocin, masu sanda da masu gurguwar ƙafa, daga garuruwa masu nisa. Bortolo ya zo, hancin ya ƙara karkacewa. Bayan an fito ya kama hannun Nevio da hannu biyu ya ce, "Yaro, ubanka mutum ne. Irinsa sun ƙare."

Nevio, da shi ma kansa ya yi fari, ya ce, "Bakanike ne. Aikinsa ya saka mini taya."

Aka zo ɗaukar akwati, mahayan suka matso kowa na son kama gefe. Nevio ya ture wani tsoho daga kusurwar gaba ya sa kafaɗarsa. Hanyar maƙabartarmu hawa ce, ya kuwa riƙa sauri har na baya suna tuntuɓe suna ce masa ya sassauta. Bai sassauta ba sai bakin ramin.