Masu Zama a Wata

Shekarun da Dutse ta zama babban birnin jiha, kowa maganar fuloti yake yi. Gonar Goggo, yayar mahaifina, tana cikin waɗanda aka yanka, kuma ba ta taɓa hucewa ba.

Wata magariba a ƙarshen azumi muka hau tudun bayan gida duban wata. Don tsokana na ce mata na ji a rediyo Amurka da Rasha suna rige-rigen gina gidaje a can.

Ta sauke hannu daga goshi. "A watan? Wa ya yanka musu?"

Na ce ai wanda ya riga zuwa shi ke da fili.

"Haka aka yi mini," in ji ta. Ta ƙara ɗaga kai, tana harara. "To in suna zaune a kansa, me za su duba su yi Sallah?"

Na gimtse dariya na ce, "Mu za su dubo, Goggo. Sai sun hango hasken Dutse."

Ta waiwaya ta kalli garin, ko ƙwan lantarki ɗaya babu mai ci.

"Da wannan wutar tamu? Su je. Da azumi a baki za su mutu."