Jantin da na rataya a bedi

Da ana komawa baya, da ban rataya janti a jikin bedin lakwal ɗinmu ba. Bedin nan itacen dogon yaro ne da ke cikin filin makarantar. Janti tsohon ƙarfen ƙafar mota ne, shi muke bugawa lokacin shiga aji da fita, kamar kowace lakwal ta ƙauye.

A shekarata ta ƙarshe ina darakta a wani ƙauye kusa da Korgom, akwai wani yaro Sa'idu a ajin farko. Ba ya yawan magana, ba ya kallon idon mutum. Yana zaune lafiya sai ya fashe da ihu, ya toshe kunnuwa, yana buga goshi a tebur. Ƙa'idarmu ita ce gargaɗi, sai a kira uba, daga nan darakta ya sallami yaro. Na riga na kira uban. Saura sallama.

Ana nan sai ga Madam Hadiza. A da malama ce a ƙarƙashina, ta tafi Yamai karatun masta, wato digiri na biyu, kan koyar da yara masu jinkirin bunƙasar ƙwaƙwalwa. An turo ta gwajin aiki.

"Baba Darakta, ku dakata da sallamar nan, ku bar ni in lura da shi."

"Ke da na koya wa riƙon alli? To ga shi nan, ki karanta masa mastar taki."

Ta yi dariya, ta koma bayan aji ta zauna. Bayan ƴan kwanaki ta same ni.

"Baba, gobe kada a buga janti. A leƙa aji a faɗa da baki."

Na yarda don in huta da ita. Washegari Sa'idu ya wuni yana zane a allonsa, ko tari bai yi ba. Da lokacin tashi ya yi, sabo ya ɗebe ni. Ni da kaina na ɗauki ƙarfe na maka wa janti. Kafin ƙarar ta mutu, ihun yaron ya tashi.

Na tsaya da ƙarfe a hannu.

"Ba taurin kai ba ne, Baba, ba kuma iska ba," in ji Madam Hadiza. "Ƙarar tana shiga kansa kamar ƙusa."

Inna lillahi! Ni ne na mayar da shi bakin taga, dab da bedin, wai don kada ya dami sauran.

Nan take Lawali ya faɗo mini a rai. Shekarun baya na sallame shi kan irin wannan ihun. Yau magidanci ne a shekaru, bai iya rubuta sunansa ba. Ina ganinsa a kasuwar Tasawa yana kewaye rumfar maƙera daga nesa, hannu a kunne.

Ranar na sauke janti. Sa'idu bai bar lakwal ba, yanzu yana haɗa baƙi.

Ƴan'uwa malamai, don Allah kada ku yi irin tawa. Kafin ku kira uba, ku duba me ya faru dab da ihun. Wataƙila ƙarfen yana hannunku.