Gwangwanin Zamzam na Kakata

Har yau in na ji warin dalma a wuta sai gabana ya faɗi. Da ita ake liƙe bakin gwangwanin Zamzam a unguwarmu ta Hindawiyya a Makka lokacin ina yarinya, kuma kakata ba ta yarda kowa ya kai nata wurin mai liƙi, sai ita da kanta.

Kakanmu bai iso Makka ba. A hanya ya rasu, a wani ƙauye na bakin Farin Nilu a Sudan, inda mutanen wurin suka ba shi gona, shi da kakata suna noman guzuri. Duk bayan Arfa kakata takan nemi alhajin da zai bi ta can, ta ba shi gwangwani ya yayyafa a kabarin. Cewa take, tunda mutumin bai sha ba, ƙasarsa ta sha. Mace ce mai faɗa, ko kofin ruwa muka zubar sai kunnenmu ya gaya mana, amma ranar liƙi har alewa take raba mana.

Wata shekara ana tsananin zafi, ɗan mutumin da ya sauke su a ƙauyen ya zo Hajji, ya nemo mu. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta tambayi gonar, ta tambayi bishiyar da ke kan kabarin. Babana yana ta ƙifta masa ido, ashe ya daɗe da sani. Baƙon bai lura ba.

"Ya Hajja, ba a faɗa miki ba? An datse kogin. Ruwa ya cinye garin, har maƙabarta. Mu da aka binne cibiyarmu a wurin, an kwashe mu an zube a kan tudu."

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ranar da zai tafi ta miƙa masa gwangwanin.

"Ka shiga kwalekwale, ɗana. In ka zo daidai bishiyar, ka zuba."

Ya riƙe shi jim, ya mayar mata. "Wallahi Hajja, na sha zagayawa. Ko na uwata ban gane wurinsa ba."

Yanzu Zamzam a jarkar roba take bin jirgi. In na ji a rediyo za a gina wata madatsa, wutar lantarki ake ta yabo, ni kuwa raina ɓaci yake, don ban taɓa jin an tambayi masu kaburbura ba. Gwangwanin yana cikin akwatina, ya yi tsatsa. In na girgiza shi, har yanzu ruwan yana motsi.